Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamanmu Masu Koyar Da Shawarar Aure Da Iyali: A Gwada Ra'in A Gidajenmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ni ɗaya ce daga cikin ɗaliban da suka ratso ta hannunku a sashen ba da shawara. Tun da na gama nake zaman sulhu tsakanin ma'aurata, wani lokaci a ofis, wani lokaci a kan tabarma a tsakar gidan mutane. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ku ne kuke da maganinsa. Ra'o'in da kuka koya mana a kan bukatun da ke tsakanin mata da miji mun haddace su, mun ci jarrabawa da su, yanzu kuma muna ɗora su a kan auren bayin Allah. Amma duk zamana a aji, ba a taɓa ajiye mini sakamakon wani gwaji da aka yi wa ɗayansu a gidan Bahaushe ba. Shi nake roƙo a yi.

Bari in fara da matar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na sauya wasu bayanai don rufa mata asiri.

Shekararta bakwai a gidan miji, da 'ya'ya uku. Abin da ta shigo da shi a baki shi ne cefane. Mijin, ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, ya buɗe hannuwa ya ce, "Malama, da me na rage ta? Shinkafa tana nan, mai yana nan, ko rashin lafiya ta yi ni ne asibiti." Na yi abin da aka koya mini. Na zaunar da su suna fuskantar juna, kowa ya saurari ɗan uwansa ya maimaita abin da ya ji. Na ce ya riƙa yaba girkinta, su ware lokacin hira bayan isha'i. Bawan Allah ya yi ƙoƙari, har atamfa ya saya mata. Zama uku muka yi. Bayan sati biyu ta yi yaji.

Na bi ta gidan iyayenta. Tana zaune a gindin turmi tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malama, ranar da aka sa ranar auren ƙanensa, a bakin maƙwabciya na ji. An yi taro a ɗakin Hajiya, an kira yayyensa mata daga gidajen mazajensu. Ni ina madafa ina dafa abincin da suka ci a wurin taron." Ta yi shiru, sannan ta ƙara da cewa makullin sito yana hannun yayarsa da aurenta ya mutu ta dawo gida, ita ke auna mata shinkafa kowace safiya da kwano. "Shekara bakwai, har yau baƙuwa ce ni. Wace hira zan yi da shi bayan isha'i?"

A kan hanyar komawa gida na tuna da wani darasi da muka wuce shi da sauri a aji. William Schutz, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, rundunar sojan ruwan ƙasarsu ta ba shi aiki a zamanin yaƙin Koriya: ya gano waɗanne irin mutane ne za a haɗa a ɗaki guda cikin jirgin yaƙi su yi aiki tare ba tare da sun ɓata ba. Daga nan ya fitar da ra'insa a 1958, wanda aka sani da FIRO. Ya ce bukatun mutum a wurin mutane uku ne. Ta farko, a ƙirga da shi, ya san yana ciki ko yana waje. Ta biyu, iko, wato wa ke faɗa a ji. Ta uku, ƙauna da kusanci. Ya kuma tsara takardar tambayoyi 54 da ke auna kowace bukata ta fuska biyu, abin da mutum yake yi wa mutane da abin da yake so su yi masa.

A 1984 William Doherty da Nicholas Colangelo suka ɗauko wannan ra'i suka shigar da shi cikin gida. Su ne suka yi maganar da ta tsaya mini a rai. Suka ce bukatun nan a jere suke, kuma mai sulhu ya bi jerin. Sai an san waye ɗan gida, mene ne matsayinsa, ina iyakar kowa, kafin a iya warware rikicin iko. Sai kuma an daidaita iko kafin shaƙuwa ta samu wurin zama. Wanda ya fara da shaƙuwa alhali tushe bai zauna ba, ya yi gini a kan yashi. Abin da na yi ke nan. Na ba matar da ba a ƙirga da ita ba darasin kalaman soyayya.

To, ga inda nake son ku tsaya tare da ni. Da na zo nan, zuciyata ta so ta ce an gama, ra'in gaskiya ne, tunda ya fassara mini kuskurena. Amma ku kuka koya mana cewa gida ɗaya ba hujja ba ne. Kowane ra'i, idan aka zo da shi bayan abu ya riga ya faru, zai yi kama da gaskiya. Da na ɗauko ra'in John Bowlby na shaƙuwar yaro da mahaifiyarsa, wanda Cindy Hazan da Phillip Shaver suka faɗaɗa zuwa soyayyar manya a 1987, shi ma zai ba ni bayani mai daɗin ji a kan matar nan. Da na ɗauko na David Olson na 1979, mai auna haɗin kan iyali da sassaucinsu, shi ma haka. Daɗin bayani ba ya raba gardama. Abin da ya sa maganar Doherty da Colangelo ta burge ni shi ne ta ba da ƙofar da za a ƙaryata ta. Ta ce idan ka fara da kaza za ka fi samun nasara a kan wanda ya fara da kaza. Wannan ana iya gwadawa, a ƙirga, a gani. Su can sun ɗan taɓa: a 2002 Sharon Danes da abokan aikinta a Jami'ar Minesota sun gwada jerin a kan ma'aurata masu sana'ar iyali. Kuma masu bin diddigin alƙaluman takardar Schutz sun sha samun cewa bukata ta farko da ta uku suna cakuɗewa, ba sa rabuwa tsaf kamar yadda ya tsara. Idan a inda aka haifi ra'in ana ta yi masa tankaɗe da rairaya, don me mu za mu karɓe shi kamar karatun allo?

Matsala ta farko da za ku ci karo da ita ita ce ma'aunin kansa. Na taɓa karanta wa wata dattijuwa irin tambayoyin nan da baki, ina fassarawa, domin ba ta yi boko ba. Da na zo kan tambayar ko tana barin wasu su yanke mata abin da za ta yi, sai ta dube ni kamar na zage ta. "Yo 'yar nan, da wa zai yanke? Ai ni mai tarbiyya ce." A takarda ta fito a mace marar son iko ko kaɗan. Alhali duk unguwar an san ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a gidan nan sai da yawunta, kuma maigidan ba ya sayar da ko akuya sai ya shiga ɗakinta sun yi shawara. Amsar da ta ba ni amsar mutunci ce, wadda ake ba baƙo. Takardar ta auna ladabinta, ta bar ikonta a inda yake.

Haka batun ƙauna. Mun taso a cikin al'adar da mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran sunan ɗan fari, wata ko wasa ba ta yi da shi a gaban mutane. Ma'aunin da ke neman ƙauna a cikin furuci da rungume-rungume zai rubuta uwar nan a cikin masu sanyin zuciya, alhali ita ce ke kwana a zaune in ɗan ya yi zazzaɓi. Kunya da kara da kawaici ba su da gurbi a takardar da aka rubuta don matuƙan jirgin ruwan Amurka. Su kuma matasanmu na yanzu, masu hira ta WhatsApp har tsakar dare, suna neman furucin da iyayensu ba su nema ba. Ke nan ko a cikinmu ma ma'auni ɗaya ba zai yi wa kowa daidai ba, sai an gwada a ga inda ya kama da inda ya zame.

Matsala ta biyu ta fi girma. Kusan duk ra'o'in nan sun ɗauka aure na mutum biyu ne a gidan da ƙofarsa ke rufe. A binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018, kusan ɗaya cikin uku na matan aure a Nijeriya suna da kishiya, kuma a Arewa maso Yamma adadin ya haura haka. Ko inda babu kishiya akwai uwar miji, akwai dangin miji, akwai facaloli a gida guda, akwai agola, akwai 'yar riƙo. Tambayar "waye ɗan gida" a wurinmu tana da rassa da Schutz bai taɓa mafarkinsu ba. Ranar girki iko ce ko shaƙuwa ce ko matsayi? Uwargidan da aka yi wa amarya, aka yi mata kayan faɗar kishiya amma aka daina shawara da ita, wace bukatarta ce aka taɓa? Alean Al-Krenawi ya shafe shekaru yana bincike a gidajen Larabawan ƙauye na hamadar Negeb da ke Isra'ila masu mace fiye da ɗaya, kuma ya sha samun cewa uwargida ta fi shiga damuwa. Ya yi nasa a inda yake. Namu gidajen suna jiran nasu masu binciken, waɗanda suka san bambancin kishi da rashin adalci, ba su shigo da niyyar yabo ko ta suka ba.

Sai yaji. A littattafan da muka karanta, wanda ya tashi ya bar wurin rikici ana lissafa shi a mai gudun magana. John Gottman na Jami'ar Washinton ya sa yin gum da toshe kunne a cikin halaye huɗu da ya ce suna kashe aure, tare da suka, da raini, da kare kai. Amma yaji a wurinmu sau da yawa kira ne. Mace tana tafiya gida ne don a zo biko, manya su zauna, a ji abin da ta kasa faɗa a ɗaki. Ya yi kusa da abin da aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da shi, a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Wane yaji ne ke gyara aure, wanne ne ke zama hanyar saki? Iyayenmu mata suna da amsoshinsu, kuma amsoshin nan sun cancanci a rubuta su a gwada su kamar yadda ake gwada na Gottman.

Tunda na ambace shi, akwai darasi a labarinsa da nake so kowane ɗalibinku ya sani. An yi ta yaɗa cewa yana iya hango auren da zai mutu da daidaiton da ya haura kashi 90 cikin 100. A 2001 Richard Heyman da Amy Slep suka nuna inda gizo ke saƙa a irin wannan lissafi. Suka raba bayanan mutane gida biyu, suka gina lissafin hasashe a kan rabin farko, ya yi kyau ƙwarai. Da suka ɗora shi a kan rabi na biyu da bai taɓa gani ba, cikin waɗanda ya ce aurensu ya mutu, waɗanda abin ya tabbata a kansu ba su kai ɗaya cikin uku ba. Tela ne ya ɗinka riga a jikin mutum ɗaya, ya ce za ta shiga kowa. A 2015 kuma wata tawagar masana ta sake gudanar da bincike 100 da aka riga aka wallafa a fannin halayyar ɗan Adam. Kusan dukkansu sun ce sun sami sakamako mai ƙarfi a karon farko, amma a maimaici kashi 36 cikin 100 ne kawai suka sake ba da shi. Ga kuma lissafin da Joseph Henrich da abokansa suka yaɗa a 2010: kashi 96 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na mutanen duniya.

Ba ina cewa a watsar da ilimin ba ne, Allah ya kiyaye. Hanyar Sue Johnson da Leslie Greenberg da suka fara a Kanada a shekarun 1980, mai bi ta kan motsin zuciyar ma'aurata, an yi mata gwaje-gwaje na gaske kuma ta taimaki mutane da yawa. Ni ma ina aro daga gare ta. Abin da ke damuna shi ne gurbin da kuka bari wasu sun cike shi. Ku leƙa Facebook da TikTok ku ga masu ba da shawarar aure da Hausa. Kowa da "yarukan soyayya biyar" a bakinsa, wato ra'in da ke cewa kowane mutum yana da hanya ɗaya cikin biyar da ya fi so a nuna masa ƙauna, ana karɓar kuɗin mata ana buɗe musu aji a waya. A 2024 Emily Impett da abokan aikinta sun bi binciken da aka yi a kan wannan ra'i, suka ce hujjojin ba su tabbatar da manyan da'awoyinsa ba. Wa zai gaya wa matan nan haka da harshen da suke ji? Maganin zazzaɓi sai ya bi ta hannun NAFDAC kafin a sa shi a kanti. Shawarar da za ta iya raba uwa da 'ya'yanta kuwa kowa yana rabawa yadda ya ga dama.

Kada a ce ba mu da hali. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen gari tare da wani ɗan uwansu suna karɓar magani, duniya ta zo tana koyo. A Zimbabuwe, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa. Sun yi amfani da kalmar mutanensu ta Shona mai nufin yawan tunani, da takardar tambayoyin da aka gina da harshensu. Bai tsaya a kan cewa abin yana da kyau ba. Ya gwada a kan mutum 573, aka raba asibitocinsu gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka wallafa sakamakon a 2016: bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna da tsofaffin ne ke da alamun ciwon damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan rabi.

Ga abin da nake roƙo. Ku fara da sauraro kafin fassara. A tura ɗalibai mata wurin mata, maza wurin maza, a tambayi mutane da bakinsu me ke sa mace ta ji ita 'yar gida ce, me ke sa namiji ya ji ana ganin girmansa. Daga kalmominsu za a gina tambayoyin: makulli, shawara, rabon kwana, zuwa unguwa, wa ake fara gaya wa labari. A yi su yadda za a iya karantawa da baki, domin da yawa daga masu bukatar ba sa karatun boko. Kada a tambayi mace a gaban mijinta ko a gaban uwar mijinta, amsar mutunci kawai za a samu.

Sannan a yi gwajin jerin kansa. Ma'auratan da suka amince, a raba su ta ƙuri'a. Wasu a fara musu da batun matsayi da iyaka, wasu a fara da gyaran magana da kusanci, wasu a bar su da nasihar da aka saba yi ta haƙuri da juna. A rubuta abin da ake sa ran gani tun kafin a fara, don kada a gyara tambaya bayan an ga amsa. A koma bayan wata shida, a koma bayan shekara biyu. Kuma kada a tsaya a kan ko auren yana nan. Na san gidajen da aure ya kai shekara talatin, matar kuma hawan jini ya gama da ita. A tambaya ko tana barci, ko yana ɗokin dawowa gida, ko yaran suna sakewa in uban ya shigo. Idan sakamakon ya nuna Doherty da Colangelo ba su yi daidai ba a wurinmu, a wallafa hakan ma, da Hausa, a karanta a rediyo.

Mutanen da za a yi aikin da su suna nan. Ofisoshin Hisbah da kotunan shari'a da zaurukan masu unguwanni suna sauraron rikicin aure kowace rana. A watan Oktoban 2023 gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a auren gata, bayan an yi musu gwajin lafiya. Duk mai bincike a duniya zai so ya sami jama'a irin wannan da suka fara zama a lokaci guda, ya bi su da yardarsu ya ga me ke riƙe aure. Kowace shekara kuma ɗalibanku na digiri na biyu da na uku suna neman batun da za su yi rubutu a kai. Da sassa uku ko huɗu, a ce daga Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, za su haɗa kai a kan tambaya guda, har a miƙa hannu ga 'yan uwa a Maraɗi da Damagaram, da cikin 'yan shekaru mun sami abin da za mu dogara da shi.

Abu ɗaya nake so a ware tun farko. Gidan da ake duka, ko ake tsare mace da barazana, ba ya cikin wannan gwaji. Wannan ba saɓanin bukatu ba ne, kuma zaunar da su wuri guda a ce kowa ya faɗi abin da ke ransa yana iya jawo mata wani dukan in sun koma gida. A koya wa ɗalibai yadda za su gane irin wannan gida a zaman farko, da inda za su miƙa shi.

Matar da na ba ku labarinta ta koma ɗakinta. Kawunta da wan mijin ne suka zauna, ni ina gefe. Ba a yi maganar soyayya ba ko sau ɗaya. An yi maganar makulli, aka raba sito biyu. Aka yi maganar taro, Hajiya da kanta ta ce daga yau in za a zauna a kira ta. Na rubuta wannan a littafin da nake ajiye bayanan zaman da nake yi, ba tare da sunaye ba, kusa da wasu gidajen da na bi wannan jerin aka dace, da wasu da na bi shi auren ya mutu duk da haka. Littafin ya kusa cika. Duk malamin da ya shirya fara wannan aiki, zan nemi izinin masu labarin in kawo masa shi har ofis, in kuma zauna a yi tambayoyin farko da ni.

Allah ya saka muku da alheri a kan abin da kuka koya mana.

Wassalam,
Ɗalibarku, mai zaman sulhun ma'aurata a Kano.